Tambaya: na'urar neman ɗauki ta tauraron ɗan adam, tana da amfani ga mai bin hanyar Agadas?

Ɗan_Kusugu

Slm jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san na'urar nan da ake ce ma PLB, 'yar ƙarama ce ba ta wuce a riƙe a tafin hannu ba, wai in mutum ya shiga matsala inda babu sabis sai ya zaro eriyarta ya danna, ta aika sigina ta tauraron ɗan adam a zo a cece shi. Dalilin tambayar ƙanena ne direba, Hilux yake ja, yana ɗaukar kaya daga nan Daura ya bi ta Kongolam, Matamai, Damagaram har Agadas, to yanzu maigidansa ya fara tura shi gaba har Dirku, kuma kun san da an bar Agadas an shiga Tenere shikenan ba waya ba labari sai in Allah ya kai su. Hajiyarmu wlh ba ta barci in ya tafi, abinci ma sai an yi da gaske take ci.

Akwai ɗan ƙanwar babanmu da ke karatu a Ingila zai zo hutu, ya ce kuɗinta zai kai kamar dala 300 zuwa 400, in mun haɗa zai taho mana da ita. A canjin yanzu wannan kuɗi ne ba na wasa ba shi yasa nake so in ji kafin mu zuba. Tana aiki a nan yankin namu ko sai ƙasashen Turawa? Ana sa mata kati ne duk wata? Kuma in ya danna a tsakiyar sahara wa zai zo? Ngd.

Injiniya_KT

Wslm malam Ɗan_Kusugu. Aikina ya shafi rediyon jiragen sama don haka bari in ɗan yi bayani, ka yi haƙuri zai yi tsawo.

Tana aiki a ko'ina a duniya, Tenere, teku, dajin Rugu, duk ɗaya ne a wurinta muddin tana ganin sama. Kuma ba a sa mata kati, ba kuɗin wata, saye ɗaya ne. Tsarin da take hawa kansa sunansa Cospas-Sarsat, ƙasashe huɗu ne suka kafa shi, Amurka, Kanada, Faransa da tsohuwar Tarayyar Sobiyat, abin mamaki lokacin ma ana tsakiyar yaƙin cacar baka amma suka haɗu a kan wannan. A 1982 aka harba tauraron farko, a watan Satumba na shekarar aka yi ceton farko da shi, wani ƙaramin jirgi ne ya faɗi a duwatsun yammacin Kanada aka samo mutum 3 da ransu. Daga lokacin zuwa yau an ceto sama da mutum 50,000 ta wannan hanya. Iri uku ce na'urar, ta jirgin sama ELT, ta jirgin ruwa EPIRB, sai ta mutum ya rataya a jiki ita ce PLB ɗin da kake magana.

In an danna, tana harba sigina a mita 406 MHz, ɗan gajeren saƙo ne mai ƙarfin wat 5 da take maimaitawa kusan duk bayan daƙiƙa 50. A cikin saƙon akwai lambarta ta musamman mai harafi da lamba 15, in kuma mai GPS ce (yanzu kusan duk masu GPS ne) har da inda mutum yake, kuskuren bai wuce kamar mita 100 ba. Da can sai an jira tauraro na ƙasa-ƙasa ya gitta ta samanka, ana iya ɗaukar awa ɗaya ko fiye, amma yanzu taurarin GPS na Amurka da Galileo na Turai da GLONASS na Rasha suna ɗauke da abin karɓar siginar, suna can sama kimanin kilomita 20,000 kuma a kowane lokaci akwai da yawa a samanka, don haka cikin 'yan mintuna saƙo ya sauka. Tana kuma fitar da wata ƙaramar sigina a 121.5 MHz wadda masu nema ke bi in sun matso kusa. Ƙa'ida ita ce batirinta ya yi aƙalla awa 24 tana kira ba tsayawa.

Yanzu inda nake so ka buɗe kunne. Kowace na'ura ana sa mata lambar ƙasa tun daga wurin mai sayarwa. Wadda aka saya a shago a Ingila da lambar Ingila take zuwa, ta Najeriya 657 ce. In an danna saƙo yana zuwa wuri biyu, hukumar ceto ta ƙasar da siginar ta fito, wato in yana Tenere hukumomin Nijar ke nan, da kuma ƙasar da lambar ta nuna. To ka ga in da lambar Ingila take kuma ba a yi mata rajista ba, wani jami'i ne zai zauna can ya ga na'urarsu tana kuka a tsakiyar sahara, ba suna, ba lambar waya, ba wanda zai tambaya. Kuma ka sani akasarin kiran da ke shigowa tsarin nan na kuskure ne, yaro ya danna, ko an jefar da tsohuwa a bola ta tashi da kanta, shi yasa abu na farko da suke yi shi ne su buɗe rajista su kira lambar da aka bari su ji ko da gaske ne. Don haka ka gaya ma ɗan'uwanku tun kafin ya biya ya ce ma dilan a Najeriya za a yi amfani da ita, a sa mata lambar Najeriya. Najeriya tana cikin tsarin, hukumar NEMA ce ke riƙe da cibiyar a Abuja, ta nan za ka bi maganar rajista. A wurin lambar gaggawa ka sa taka da ta wani wanda wayarsa ba ta mutuwa, kar ka sa ta Hajiya, ba ita ya kamata ta fara ɗaukar irin wannan kiran ba.

Tambayarka ta uku kuwa, wa zai zo, wannan ba aikin na'urar ba ne. Ita iyakarta ta faɗi waye kuma yana ina. Sauran ya rage ga ƙasar da abin ya faru a cikinta da abin da take da shi na mota da jirgi da mai.

Sarkin_Yawo

Hhhh dala 400 a kan abin da ba ya kira ba ya chatin ba ya ko tocila mai kyau. Malam ka sai ma Hajiya buhun shinkafa da ragon layya ta yi ta mai addu'a ya fi. Turawa ne ke hawa dutse don nishaɗi su ɓace a tura masu jirgi mai saukar ungulu, mu nan wa ya san da kai

Tsohon_Direba

Assalamu alaikum. Yarona ne ke rubuta mani ni ina faɗa. Na ja babbar mota a hanyar nan tun ana zuwa Libiya da kayan masarufi a dawo da tabarmi da taliya, har gwiwa ta hana ni.

Ɗana Ɗan_Kusugu, Allah shi ma albarka da kake tunanin ƙanenka. Bayanin Injiniya ya yi kyau amma ka riƙe maganarshi ta ƙarshe, ita ce maganar. Tsakanin Agadas da Dirku tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita ba kwalta ba gari, in ka danna abin nan ka ce jirgi zai taso kamar yadda yaron can na sama ya yi ba'a, to gaskiyarshi a nan, kar ka sa rai. Wanda zai zo maka a Tenere mota ce, ko ta sojan Nijar daga Dirku ko Agadas, ko ta masu aikin ceton 'yan ci-rani da ke fita sintiri, ko kuma, kuma wannan ya fi yawa, ta direba ɗan'uwanka da ya ji labari ya juyo. Kafin a haɗa mota da mai da rakiya a taso a iso, kwana ɗaya biyu ba komai ba ne. Batirin na'urarka awa 24 aka ce. To bayan nan mi zai riƙe ka? Ruwa.

Mu yadda muke yi, kowace jarka ana ɗinke ta cikin buhun algarara, a jiƙa buhun, a rataya a gefen mota iska na bugunta, ruwan sai ya yi sanyi kamar na randa. Kuma ba a haɗa ruwan mutane da na lagireto, na mota daban na sha daban, kuma akwai jarkar da ba a taɓawa sam sai ranar da mota ta mutu. Yaran yanzu suna rage ruwa don su ƙara kaya saboda kowane kilo kuɗi ne, Hilux tana gudu suna ganin kwana biyu sun fita. Ranar da giyabos ya watse ko aka bi sawun da ba shi ba bayan guguwa ta shafe hanya, sannan ake sanin jarka nawa aka ɗauko. A watan Afrilu da Mayu zafin can yana wuce digiri 45, mutum in yana tafiya a ƙasa cikin ranar nan yana zubar da fiye da lita guda ta zufa a awa ɗaya, kuma ba ya ganin zufar don tana fitowa tana bushewa.

Ku 'yan Daura ba ku manta da abin da ya faru a 2013 ba ai, watan Oktoba, mutum 92 aka tsinci gawarsu arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara, da yawansu mutanen Kance ne nan maƙwabtanku bayan Matamai. Motocinsu ne suka lalace, mutane suka watsu a ƙasa neman rijiya, aka riƙa tsintarsu nan biyu can biyar. Ban ce da suna da na'urar nan da duk sun tsira ba, rai na Allah ne, amma kwanaki aka yi kafin ma a san inda suke, kuma wannan kwanakin su ne na'urar ke ragewa. Don haka ban raina ta ba. Sai dai in ka ba shi ka haɗa mashi da doka: in mota ta mutu kar ya bar mota. Mota ana hango ta daga nesa, mutum ba a hango shi. Ya yi rumfa da tamfol a gefenta ya kwanta da rana, in ya ji ƙarar mota ko jirgi ya ƙona tsohuwar taya, baƙin hayaƙinta na tashi sama sosai.

Sannan ya riƙa bin kwambar ranar Litinin da ke tashi daga Agadas da rakiyar soja, ko da maigidan nashi na gaggawa. Lokacin da Nijar ta kafa dokar hana jigilar 'yan ci-rani a 2015 direbobi da yawa suka koma bin ɓarauniyar hanya suna kauce ma rijiyoyin da aka sani saboda nan jami'ai ke tsayawa, mutane suka yi ta halaka a inda ba mai wucewa. An soke dokar a ƙarshen 2023 amma wasu sun riga sun saba da yanke. Ka tambaye shi wace hanya yake bi, ka kalli idonshi in yana ba ka amsa.

Ni a ganina in kuɗin na abu ɗaya ne, wayar tauraron ɗan adam ɗin nan Thuraya ta fi mashi. Da ita zai kira ka da bakinshi ya ce famfon mai ne ya mutu, a aiko da kaza, muna wuri kaza, mu shida ne, ruwanmu zai kai jibi. Direbobin hanyar duk da ita suke aiki kuma suna da lambobin juna.

Anti_Dutsinma

Baba Tsohon_Direba Allah ya ƙara lafiya, wlh na ƙaru. Ina so in ƙara abu biyu ne, ni ma'aikaciyar lafiya ce muna shiga ƙauyuka rigakafi, kuma akwai lokacin da masu ɗaukar nauyin aikin suka ba tawagarmu wata na'ura Garmin inReach. Ita ba PLB ba ce duk da ana yawan haɗa su. Tana hawa taurarin Iridium ne guda 66, tana da maɓallin SOS ita ma amma kiran yana zuwa cibiyar kamfanin a Amurka su kuma su nemi hukumomin ƙasar da kake, sannan babban abin, ana tura gajeren saƙo da ita kuma a maido maka amsa, kuma tana iya ajiye sawunka a taswira duk bayan minti 10 wanda ke gida yana gani a wayarsa. Don matsalar Hajiyarku ta rashin barci wannan ce maganinta ba PLB ba, domin PLB shiru take har ranar da abu ya ɓaci, ita kuwa wannan kullum da magariba zai iya turo “mun sauka lafiya” ka karanta mata. Illarta kuɗin wata ne da dala, ranar da katin bankinka ya ƙi biya ta zama kwalliya har SOS ɗin ba zai fita ba, ga caji da take so duk bayan 'yan kwanaki.

Na biyu kuma shi ya sa ma na yi magana. Kar wani ya karanta wannan ya ce zai saya don shiga gona ta wajen Batsari ko Safana ko Ɗanmusa saboda masu garkuwa. Ba don wannan aka yi ta ba. Mutanen nan abu na farko da suke yi laluben aljihu ne, su ga abu mai eriya yana walƙiya a jikinka me kake tsammani za su ɗauke ka? Ka jawo ma kanka da waɗanda aka kama ku tare. Don hatsari ce, karaya, saran maciji, mota ta mutu, ɓata hanya, irin mafarautan da ke fita da rani su yi nisa ko masu kamun kifi a dam.

Haka a shingen jami'an tsaro. Kun tuna a Satumbar 2021 da aka katse sabis a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na nan Katsina, a lokacin duk wanda aka gani da abin da ke kira ba tare da sabis ba sai ya yi bayani mai tsawo, kuma tun 2013 soja suka taɓa haramta Thuraya a Borno. Mu takardar aiki muke haɗawa da ita a jaka ɗaya. To shi ƙanenka da zai ratsa Kongolam ya wuce shingayen jandarma har Agadas a wannan yanayin da ake ciki tun juyin mulkin 2023, lallai ya riƙe rasit da takardar rajista mai sunansa da hotonsa, kuma ya nuna ta da kansa kafin a gano ta a bincike. Kowace zai ɗauka, PLB ko inReach ko Thuraya, ya fara tambayar ƙungiyar direbobinsu a tashar Agadas yadda dokar take a lokacin, don tana canzawa.

Ɗan_Kusugu

Kai jama'a na gode ƙwarai, Baba Allah ya saka da alheri, Anti ngd. Na kira shi yanzu, ashe madugun tafiyarsu yana da Thuraya, shi ne dai ba shi da komai in an rabu. Injiniya dan Allah ƙarin tambaya, batirin fa, caji ake yi? Kuma ya za mu gane tana aiki ba tare da mun tara ma kanmu jama'a ba? Na san halin yaran gidanmu, in suka ga maɓalli sai sun danna.

Injiniya_KT

Tunda madugu na da Thuraya to ni PLB ɗin zan ce ku saya, saboda ranar da ake buƙatarta ita ce ranar da aka rabu da madugun, ko ita Thurayar ba kati ko ba caji, abin da ke faruwa kullum. A nan na ɗan saɓa da Baba, da girmamawa. Waya tana hannun mutane ana ta kira da ita ana cinye batir, ita kuwa wannan ba abin da ake yi da ita sai ranar, shi yasa ranar take tashi.

Ba a cajinta. Batirin a rufe yake, yana yin shekara 5 zuwa 7 gwargwadon samfurin, kwanan ƙarewarsa na rubuce a jikinta, ɗan'uwanku ya duba kafin ya biya kar a ba shi wadda ta daɗe a shago. In ya ƙare ko an taɓa kunna ta da gaske sai an mayar ma dila ya canza, ba aikin mai gyaran waya na bakin kasuwa ba ne, in ya buɗe ta ya lalata robar da ke hana ruwa da ƙura shiga. Kar ku sayi ta hannu, kuma duk wadda ba a rubuta 406 MHz a jikinta ba ku bar ta, tsofaffin masu 121.5 kaɗai tun Fabrairun 2009 taurari suka daina sauraronsu amma har yanzu ana cusa ma mutane su a intanet. Sanannun su ne irin ACR ResQLink da Ocean Signal rescueME. In da hali ya nemi mai RLS, tana da wata shuɗiyar fitila da ke kamawa in saƙonka ya isa an karɓa, ta taurarin Galileo ake maido amsar. Ba ta nufin an taso, amma mutumin da ya ga fitilar nan ya fi samun natsuwar zama kusa da mota kamar yadda Baba ya ce.

Gwaji akwai maɓallinsa daban, an rubuta T ko TEST, shi ba ya tayar da kowa, fitila ce za ta yi ƙiftawa ta nuna lafiya lau. Kar a mayar da shi wasa don yana cin batir, kafin tafiya ya isa. Maɓallin gaske yana ƙarƙashin murfi ko sai an warware eriya ake kai gare shi, amma duk da haka a ɓoye ma yara. In tsautsayi ya sa an danna a kashe nan take kuma a kira hukumar da aka yi rajista a ce kuskure ne, kar a yi shiru don kunya, wani na can yana shirin tura mutane.

Wurin ajiya kuma, ba a kan dashbod ba. An yi ta ne ta yi aiki har zafin 55, gaban mota a rufe cikin ranar Tenere yana wuce haka. Kuma ba cikin jakar da ke ɗaure a bayan mota ƙarƙashin kaya ba, in mota ta kife ko ta kama wuta ko aka ƙwace ta da bindiga an tafi da ita ke nan. A jikinsa, a bel ko aljihun ciki mai zif. In zai kunna ya fito fili, ya miƙe eriya tana kallon sama, ya ɗora ta a ƙasa ko kan jarka nesa kaɗan da ƙarfen mota, kar ya tsaya a kanta, kuma kar ya riƙa kashewa yana kunnawa wai yana tattalin batir, ya bar ta ta yi ta yi.

Kai kuma naka aikin a Daura, duk tafiya ya bar maka lambar mota da launinta, mutum nawa ne, ranar da suka bar Agadas, ranar da ya kamata su shiga Dirku, lambar Thurayar madugu, da lambar wani a tashar Agadas mai mota da zai iya tashi in an biya mai. Ranar da aka kira ka daga Abuja aka ce na'urarku ta tashi, ka roƙi su karanta maka lambobin wurin ka rubuta daidai, ka maimaita masu, sannan ka tura ma madugu da mutumin tasha a take, kar ka zauna jiran hukuma kaɗai.

Tsohon_Direba

Injiniya na yarda, a sai mashi. Amma Ɗan_Kusugu ka ce ma maigidan nashi ni na ce ya rage buhu biyu a lodi ya sa jarka huɗu, in ya ƙi ka turo mani lambarshi ta akwati in yi mashi magana da kaina.